Almakashin da Ya Aske Kamarad

Shekarar da na dawo daga Abijan na tarar Kawuna ya yi kare. A Zangon Kwatano, kare a gidan dattijon da ba ya rasa sahun farko!

Ba nasa ba ne. Kawu ya yi shekara ashirin yana gadin gidan wani Bature a unguwar Fijirose. Da gwamnatin juyin juya hali ta karɓe kamfaninsu, Baturen ya miƙa masa igiyar karen, ya ce wata uku zai yi ya dawo. Shekara huɗu ke nan. Sunan karen na Faransanci ya gagari bakin Kawu, sai ya riƙa kiransa Kamarad, tunda a lokacin kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, daga minista har mai sayar da gawayi.

Irin karen nan ne mai gashi buya-buya kamar rago. Kawu bai taɓa sa masa hannu ba. Abin da yake tsoro shi ne kwanon ciyayya: kullum bayan azahar shi da abokansa dattawa suna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar wanzamin unguwa, amininsa na shekara talatin. Hannun da ya taɓa kare ba ya shiga wannan kwano. Don haka daga nesa yake jefa masa abinci, ran Juma'a kuma ya sheƙa masa bokitin ruwa. A ganinsa gata ne. Ashe ruwan nan, ba taza, shi ke ƙara dunƙule gashin. Ya cure ya zama kamar tsohuwar tabarma, ya ɗaure cinyoyin da ciki, har tsohon kare ba ya iya takawa sai ja. Ga wari.

Maƙwabta suka ce a kai shi Laji, bakin tafki, a jefa a ruwa. Kawu ya ce, "Amana ce."

Muka je wurin wanzamin aron tsohuwar aska.

"Wa za a yi wa aski, Malam?"

"Baƙona."

"Baƙon naka mai wutsiya? Askar da nake sa wa 'ya'yan Musulmi ran suna? Sai dai ka kai shi Faransa, can ma danginsa suke!"

Aka yi dariya, Kawu ma ya yi.

Da muka koma gida ya ce, "Kai da ka zaga duniya, ba ka ga yadda ake yi ba?"

Na ce, "Kawu, atamfa na je sayarwa, ba kitson karnuka ba."

Amma na ɗauko almakashina na yankan atamfa da matajin ƙarfe. Nakan cusa matajin tsakanin fata da dunƙulen, in yanka ta samansa, don fatar tsohon kare ta saki, tana biyo gashin. Duk da haka sau biyu na yanke shi. A ƙarƙashin wuya muka tarar da gyambo, har da tsutsa. Da na taɓa wurin sai ya zabura yana wani kuka kamar jariri. Kawu ya tsuguna ya riƙe kansa da hannu biyu.

"Yi haƙuri, Kamarad. Ni na cuce ka."

Karen ya lashe masa tafin hannu. Daidai nan wanzamin ya leƙo, wai ya zo kiransa cin tuwo. Ya tsaya ya duba, ya juya.

Mun gama wajen la'asar. Kamarad ya fito ƙanƙane, duk haƙarƙari, ya zaga tsakar gida sau biyu da ƙafafunsa. Kawu ya wanke hannu sau bakwai, har da ƙasa, a ƙofar gida, don kowa ya gani.

Washegari ya je ciyayya. Sai dai an zuba masa nasa daban a ƙaramin kwano, an ɗora cokali. Ya cinye, ya yi godiya, bai sake komawa ba. Ranar askin Kawu ta zo, wanzamin ya ce hannunsa na ciwo. Wata mai zuwa ma haka.

Kamarad bai kai ƙarshen damina ba. Baturen ko wasiƙa bai taɓa aikowa ba. Kawu kuwa, da wannan almakashin na riƙa rage masa suma har ya rasu. Duk sanda na ɗauko yakan sunkuyar da kai ya ce, "A hankali, ɗana, fatar ta saki."