Faifan da Ya Faɗo Cikin Tumunina

Shekara tara ke nan cif da aka fita da gawar mijina, Malam, daga gidan nan na Gangara. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko da yake ƙasa ta rufe shi. Mutanen gari sun san shi da mai gyaran rediyo. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Ƴata Rabi ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira.

A shekarar da sojoji suka ce za su mayar da mulki, aka shiga zaɓen magadan gari, Malam ya kawo tsohuwar kwamfuta daga Maradi a bayan babur. Ya haɗa ta da farantin hasken rana da batirin mota, ya ajiye ta a zaure, ba a kashe ta dare da rana. Rumbu yake kiranta. Mai hoton suna ko wa'azi a katin wayarsa ya kawo a zuba masa, ran da katin ya lalace ya dawo ya ɗiba. Ra'ayi kuwa kowa da nasa. Malaman lakol suna yaba tsarin da ya sa mata, wai ba ya gajiya, ba ya kamuwa da cuta. Masu ƙananan wayoyi suna gunaguni, wai ba ta gane nasu. Yakan yi dariya ya ce, "Ba ƙinku take yi ba, bakin igiyar ne bai zo ɗaya ba."

Babban aikinsa shi ne dattawa. Yakan ɗauke su su taka iyakokin gonaki da burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa rijiya, suna faɗa yana naɗar muryarsu. Ya ce shugabanni za su riƙa canzawa yanzu, wanda ya zo ba lalle ya san inda kakanni suka dasa gambar iyaka ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ranar da ya rasu, na ga jama'a na shige da fice a zaure, na ji ba daidai ba ne kayansa su zauna tsirara. Na ɗauko bargonsa na lulluɓe na'urar, na cusa gefe da gefe. Ban san tana numfashi ta bayanta ba. Kwana uku tana aiki a cikin bargo, a tsakiyar bazara, har ƙauri ya tashi. Da hannuna na kashe ta, ina cewa girmama shi nake.

Da aka zo rabon gado, aka raba ta kamar naman layya. Babban ɗanmu ya ɗauki farantin rana, ƙanensa ya ɗauki gilashin, Rabi ta samu batir. Akwatin da ya ƙone ba wanda ya so, sai aka sa shi cikin tumunina. Na tura shi ƙarƙashin gado. Dattawan nan kuwa suka bi Malam ɗaya bayan ɗaya.

Bara, da damina ta faɗi, rigima ta tashi a kan burtali. Manoma suka ce shanu na shiga shuka, Fulani suka ce an cinye musu hanya. Na ga samari na wasa adda, na san abin da ke biye. Ardo Bello, shugaban makiyayan, ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Gwaggo, rumbun Malam fa? Ko gara ta cinye?"

Muka ɗauki akwatin zuwa Cadawa ranar kasuwa, wurin Sani mai gyaran waya. Mutane suka taru, kowa ya zama gwani. Wani ya ce a jefar, zamani ya wuce ta. Wani ya ce da a sama aka ajiye kayan, wato a intanet, yadda ake yi yanzu, da ba a sha wannan wahala ba. Sani ya buɗe, ya zaro wani ƙarfe kamar tafin hannu, ya ce, "Inna, uwar ta mutu, amma faifan da ransa. Sai dai haƙoransa irin na da ne, sababbin na'urori ba su da bakin da zai shiga." Sati biyar yana neman igiyar da ta dace, har ya samo ta wurin wani mai tsofaffin kaya. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

A ƙofar mai gari aka kunna. Na ji tarin Malam kafin maganarsa. Ya tambaya, "Baba, daga ina zuwa ina?" Muryar ɗaya daga cikin dattawan nan ta ce daga gawo zuwa tsamiyar rijiya, faɗin taku kaza. Aka je aka auna. Mutum huɗu ne suka ci burtali, cikinsu har da babban ɗana, da ya ci kunyar shuka bakwai.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau, da kowa ke yawo da abin da ya fi rumbunsa a aljihu. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambaya ko an ajiye na biyu a wani gida. Sani ya yi mana haka: ɗaya na ofishin magajin gari, ɗaya na wurin Ardo, ɗaya na wurina.

Malam bai bar mana shanu ba, gonar da ya bari ma muryarsa ta rage ta. Amma ranar nan ba wanda ya zare adda. Ɗana ya ce, "Tun da shi ya tambaya, ni ba ni da ta cewa." Ya tuɓe riga, ya shiga ya tumɓuke geronsa da ya kai gwiwa. Allah ya jiƙan Malam. Da la'asar shanu suka wuce.