Kunun da Ya Ɓata Awon Hantar Baba

Aman jini ne ya kashe ƙanen Baba a Rijau, aka ce ciwon hanta ne. Shi ya sa da idon Baba ya fara yin ruwan ɗorawa, a gidanmu na Kontagora ba wanda ya ƙara iya cin tuwo. Likita ya tura mu Abuja a saka shi cikin na'urar MRI, a auna gudun jini a jijiyoyin hantarsa. Idan gudun daidai yake, da sauƙi. Idan kuwa ya ja baya... likitan bai ƙarasa ba, ni ma tsoro ya hana ni tambaya. Ya dai ja mana kunne kada Baba ya ci komai kafin awon.

Da muka isa Abuja aka nuna mana na'urar. Rami ne iyakar kwanciyar mutum ɗaya. Aka cire wa Baba zobe da agogo, aka zura shi ciki, abin ya kama ƙara kamar injin niƙa. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Can sai ga ma'aikaciyar da ke yin awon ta fito, fuska a ɗaure, ta dubi Inna. "Hajiya, ya ci wani abu ne?"

"Ko loma! Kunun gyaɗa kawai na ba shi."

Innalillahi! Wato a wajen Inna, abin da ba a tauna ba ai ba abinci ba ne. Ma'aikaciyar ta ce da abu ya shiga ciki jini ke ƙara kwarara zuwa hanta, awon ya ɓaci, sai gobe.

Na hau faɗa. "Haba Inna! Duk hanyar nan da muka keto, ki ja mana wani kwanan fargaba saboda kunu?"

Washegari Inna ta zauna rungume da filas ɗinta a rufe har aka gama. Likita ya ce jinin na tafiya daidai kamar na mai lafiya, sauran kuma magani zai gyara. Inna ta tsiyaya wa Baba kunu, sannan ta juyo gare ni.

"Ƙanensa kunu ya roƙe ni a asibiti, aka ce kada in ba shi. Da yunwarsa ya tafi."