Kwaɗo da Wayar Direba

Har yau ba a daidaita ba kan dalilin da ya sa ake kiransa Kwaɗo. Shi dai cewa yake kwaɗon ƙofa ake nufi, don abin da ya shiga kunnensa ya kullu ke nan. Matarsa kuwa cewa take a je a gan shi ya tsuguna kan ɗan bencinsa, ya sa tabaran nan mai kumbura ido, ya duƙufa kan wayar mutane, sannan a dawo a gaya mata wane kwaɗon ne.

Da gyaran agogo ya fara, a 'yar rumfa kusa da tashar mota. Da agogo ya daina ciyar da mai gyaransa, ya koma rediyo. Da rediyo ta bi sahun agogo, ya zauna ya koyi cikin waya da furfura a gemunsa. Rumfar dai ba ta canja ba: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai wani kwalin sabulu da ya yanka wa ƙofa a gefe.

Da kwalin nan aka fi saninsa. In gyara ya kai ga buɗe waya, ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Sai ya tura wayar cikin kwalin, ya ce, "Shiga ɗaki ka buɗe kayanka," ya juya fuska bango. Masu gaggawa sukan ce, "Haba Baba Kwaɗo, ɗaya biyu uku huɗu ce fa kawai!" Sai ya toshe kunne ya ce, "Ban ji ba. Kuma wannan ba kulle ba ne, labule ne. Canja kafin ka bar nan."

Akwai kuma masu zuwa su rage murya, su ce ko akwai abin da za a ɗan saka a wayar uwar yara, ko ta wani ma'aikacinsu, don a riƙa ganin saƙonni daga nesa. Irin waɗannan yakan ba su kujera, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "Akwai manhaja mai kyau, kuma kyauta ce. Sunanta baki. Je ka tambayi mai wayar."

Babban amininsa wani direban motar haya ne da kowa ke kira Direba, kamar shi kaɗai ne a tashar. Kwaɗo yakan yini bai yi magana goma ba, Direba kuwa ko gaisuwa zai aika sai ya yi saƙon murya na minti bakwai. Shekara huɗu da suka wuce aka sace wayar Direba, ɓarayin suka yi ta aika wa danginsa saƙo da sunansa. Da ya sayi sabuwa, Kwaɗo ne ya zaunar da shi. "Ban da ranar haihuwa, ban da lambar mota. Nemi magana mai tsawo wadda bakinka ya saba da ita." Ya kuma saita masa wayar yadda in aka yi kuskure sau goma, za ta goge duk abin da ke cikinta. Ranar Kwaɗo ya koma gida yana jin kansa kamar wanda ya gina ganuwa.

Ganuwar ce ta dawo masa wata safiya, a hannun matar Direba, Maman 'Yan Biyu. Sati uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, ya tafi da maganarsa. Likitar da ke koya masa magana ta ce a riƙa sa masa muryarsa yana ji, wataƙila harshen ya tuna hanya. Muryar kuwa tana cikin wayar, ɗaruruwan saƙonni, don waɗanda yake aika wa da sun saurara suke gogewa kada wayarsu ta cika.

"'Yan biyu sun gwada ranar haihuwarsu, sun gwada lambar mota, sun gwada sunan kakarsu," in ji ta. "Yanzu wayar ta ce saura biyu. Malam Kwaɗo, fasa ta kawai."

"Ba ta fasuwa, Maman 'Yan Biyu. Abin da ke ciki a cakuɗe yake, kalmar ce kaɗai ke warware shi."

"Wane mugun ne ya tsara masa haka?"

Kwaɗo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Wani ne nan kusa," ya ce. "Kuma ko tana fasuwa, mai ita yana da rai. Sai na tambaye shi."

Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya saɓa kwalin sabulunsa a hamata, suka nufi gida. Direba na kwance gefen taga, bakinsa ya ɗan karkace, idonsa kuwa tar.

"Kai, sarkin surutu," in ji Kwaɗo, "an ce ka shiga sana'ata ta shiru. Ba za ka iya ba. Ka yarda a buɗe wayarka?"

Direba ya gyaɗa kai. Aka ba shi biro, hannun ya ƙi. Aka nuna masa haruffa, suka rikice masa, har gumi ya keto masa.

Maman 'Yan Biyu ta zauna bakin gado, ta share ido da gefen mayafi. "Ka ga irinta ko? Shekara huɗu ina tambayarka kalmar nan, kullum amsa ɗaya, ba ruwanki. To ga shi yau ruwan ya zama nawa."

Sai Direba ya fara buga katifa da lafiyayyen hannunsa, yana zare ido.

"Kishirwa yake ji," in ji ta.

"A'a," in ji Kwaɗo a hankali. Shawararsa ce ta dawo masa, maganar da baki ya saba da ita. Ya tura wayar cikin kwali. "Shiga ɗaki. Rubuta abin da yake ce miki."

Ta rubuta. Wayar ta yi ɗan kaɗawa. Saura ɗaya.

Kwaɗo ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Kuskure ɗaya, muryar amininsa ta tafi, kuma shi ya haƙa ramin. Direba kuwa bai daina buga katifa ba, yanzu yana nuna matarsa da haɓa.

"Daidai yadda yake faɗa kika rubuta?"

Ta sunkuyar da kai kamar yarinya. "To, ba haka gaya yake faɗa ba. Yakan ɗan ƙara wani abu."

"Me?"

"Malam Kwaɗo, kai da ba ka tambaya?"

Ya juya fuska bango, ya toshe kunne. Amma yatsa ba ya toshe komai, ya ji ta tana furtawa ƙasa-ƙasa tana dannawa: "Ba ruwanki, Gimbiya."

Wayar ta buɗe, ta danna saƙo ɗaya. Abin da ya biyo baya muryar Direba ce, ta cika ɗakin, yana ba wani labarin yadda taya ta fashe masa, tun daga ranar da ya sayi tayar. Maman 'Yan Biyu tana dariya tana hawaye. "Ashe duk shekarun nan gaya mini yake yi, ni kuma ina fushi!" Leɓen Direba na motsi, yana bin muryarsa a baya a baya.

Bayan wata biyu Maman 'Yan Biyu ta biyo ta rumfa da labari. An canja kalmar, tunda Kwaɗo ya dage cewa sirrin da kunne uku suka ji ya zama sanarwa. Direba ne ya danna sabuwar da kansa, cikin kwalin da aka bar masa aro. Da ta tambaye shi mene ne ya sa, ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya fitar da ita ɗaya bayan ɗaya: "Ba... ruwanki."

"Na gwada," in ji ta, "da Gimbiyar da babu Gimbiyar. Wannan karon da gaske yake."

Kwaɗo ya gyara tabarau, ya jawo wata wayar gabansa. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Ya samu sauƙi."