Tsufan Wata Guda

Shekara talatin da huɗu Mai Fata yana ɗinka kujerun tsofaffin motoci, kuma duk wanda ya yi minti biyar a shagonsa sai ya ji maganar nan: "Ni ba a taɓa dawo mini da aiki ba." Ko dubiya ya je asibiti, sai ya san yadda ya yi ya cusa ta.

Gaskiyarsa ce kuwa. Ba ya sa almakashi a fata sai ya shimfiɗa ta a tebur kwana biyu, ya bi ta da tafin hannu, ya zagaye kowane tabo da alli. Wanda bai wanke hannu ba ba ya taɓa masa fata, wanda ya wanke ma kallo ne nasa. Masu kawo masa aiki ba su wuce goma sha biyu ba, attajirai masu ajiye motocin da suka girme su. Ba hawa suke yi ba, taruwa suke yi ranar hutu, su buɗe gaban mota su yi ta gyaɗa kai. Duk bakinsu ɗaya, in ka ɓata da guda ka ɓata da sauran.

A gida kuwa kujera ɗaya ce a falo, ƙarfen cikinta ya huda soso ya leƙo tun 'yarsu ta fari tana goye. Matarsa takan ninka tsohon zane ta ɗora a wajen kafin ta zauna. In ta yi magana sai ya ce, "Bari in gama na hannuna." Na hannun nan bai ƙare ba har 'yar farin ta haifi uku.

Ran nan sai ga motar kaya a ƙofar shago. Aka sauke kujerar baya ta jar fata, wadda ya yi wata biyu a kanta, bai fi mako da miƙa ta ba. Mai ita, wanda kowa ke ce wa Yallaɓai, ya fito yana huci.

"Ka kunyata ni, Malam. Abokaina dariya suka yi ta yi. Mota mai shekara sittin, kujera kamar jiya aka sayo ta!"

"Ranka ya daɗe, ai sabuwa ka ce in yi."

"Sabuwa mai kama da tsohuwa! Ita ake yayi yanzu. Na ba ka wata guda kafin mu sake taruwa. In ba ta tsufa ba, zan gaya wa kowa kai ne ka tsufa."

Mai Fata ya ji kamar an mare shi a tsakiyar kasuwa. Maƙwabcinsa mai fenti ya ce ya goga mata samfefa, ya shafa baƙin mai, ya shanya a rana, kwana uku an gama. Mai Fata ya ce Allah ya kiyaye. Samfefa ƙarzuwa take yi, fata kuwa ba ta lotsawa ta yi laushin nan sai da zaman mutum. Ko lalata aiki za a yi, a lalata shi bisa ƙa'ida.

Sai ya kai kujerar gida, ya ɗora ta kan bulo huɗu a jikin bangon falo.

"Maman yara, zauna."

Ta dube shi, ta dubi kujerar. "A kan wannan? Ban fa wanke hannu ba."

"Ke dai zauna. Aiki ne."

Ta zauna a hankali, ta jingina, ta yi wata ajiyar zuciya da ya ji har cikin ransa, amma ya yi kamar ɗinki yake dubawa. Daga ranar aka shiga aiki ka'in da na'in. A nan take tsintar shinkafa, a nan take taje wa jikoki kai. Jikokin da aka saba kora suka sami izinin tsalle. Shayi ya zube, Mai Fata ya runtse ido ya ce a bar shi ya shiga jiki. Da ya lura gefe ɗaya ne kawai ke lotsawa, dole ya riƙa rufe shago da wuri yana zama a ɗaya gefen, don aiki ya daidaita. Mutum biyu a kujera ɗaya ba sa zaman kurame, sai hira. A watan nan ne ya fara jin cewa bayanta ya shekara shida yana ciwo.

Da wata ya cika ya mayar da kujerar shago. Yallaɓai ya shafa gurbin nan biyu, ya sunkuya ya ƙura wa tabon shayi ido, baki har kunne.

"Ka ga tarihi! Zan ce musu wani jakada ne da matarsa suka yi ta yawon duniya a kanta."

Ya yi ta sa albarka, ya ce sauran abokansa ma duk zai turo su. Sunan Mai Fata ya tsira.

Da yamma ya koma gida, ya tarar da bulo huɗu a jikin bango, matarsa tana ninka tsohon zanen tana ɗorawa kan ƙarfen tsohuwar kujerarsu. Ta zauna a karkace yadda ta saba.

"An karɓa?" ta tambaye shi.

"An karɓa, har da yabo."

"Madalla. To Allah ya sa a sake dawo maka da wani aikin, Baban yara."

Ya buɗe baki zai yi maganarsa ta kullum, cewa shi ba a dawo masa da aiki, sai idonsa ya faɗa kan zanen. Kunya ta rufe shi, irin wadda duk faɗan Yallaɓai bai sa masa ba. A hankali ya ce, "Amin."