Mai Gyaran Wayar da Ke Ba Mu Ƙeya

Ɗan Gayu ɓarawo ne, ko da bai taɓa fasa shagon kowa ba. Gyaran waya yake yi a layin masu waya na kasuwarmu. In aka kawo masa wayar mace sai ya ce a bar ta da lambar sirri, a dawo gobe. Ana tafiya zai kwashe hotunanta ya zuba a kwamfutarsa, ya riƙa raba wa abokan shashancinsa a intanet. Na fara da shi ne don a san irin layin da mutumin da zan yi wa jinjina ya tsufa a ciki bai lalace ba.

Kullum labaran fasaha zancensu ɗaya: wane kamfani ya fito da sabuwar waya, wane attajiri ya sayi wane dandali. Ban taɓa ganin an rubuta layi guda a kan wanda wayar ke komawa hannunsa in ta faɗa ruwa ba. To ni zan rubuta.

Mai Ƙeya muke ce masa. Da safe zai share rumfarsa, ya jona ƙarfen dalma, ya ajiye murfin gwangwanin da yake zuba ƙananan kusoshi, ya goge tabarau da bakin riga. Sauran masu gyara suna fuskantarka ta bayan dogon kanta, wayarka ta nutse ƙasa ba ka san abin da ake yi da ita ba. Shi kuwa teburinsa bango yake kallo, bencin masu kawo aiki yana bayansa. Ta saman kafaɗarsa kana ganin duk inda yatsansa ya taɓa. In aiki ya kai ga buɗe waya, sai ya miƙo ta baya: "Sa lambarki da kanki, 'yata. Kar ki faɗa min, ni ko ranar haihuwata ban riƙe ba."

Maƙwabtansa sun sha yi masa tsiya. "Baba, wai gaba kake yi da masu kawo aiki?"

"Me za su gani a wannan tsohuwar fuskar?" in ji shi. "Su kalli hannuna, shi ne zai iya cutarsu."

Ina kan bencin nan wata rana, wayata ta ƙi caji, sai ga wani direba ya faɗo yana huci, ya dire waya a tebur.

"Baba, ta matata ce. Hotonta da kayan barci yana yawo a wayoyin 'yan tasha. Tono min abin da ta goge, in san wanda ta tura wa kafin in sallame ta."

Mai Ƙeya ko taɓa ta bai yi ba. "Ɗana, ba na buɗe waya sai mai ita na zaune a bayana. Je ka zo da ita."

"Ni ne fa mijinta! Har lambar na sani!"

"Lamba ka sani. Kana son ka yanke hukunci mai laifin ba ta nan? Ko alƙali ba ya haka."

Direba ya fita yana ƙunƙuni. Can sai ga shi da ita, goyo a baya, idanu sun kumbura. Suka zauna gefena, kowa ya kama ƙarshen benci. Ta buɗe wayar da hannunta. Duk inda tsohon zai shiga sai ya tambaya: "'Yata, in shiga nan?" Ta ce shiga. Ba a ga an tura wa kowa komai ba.

"Ai na ce ta goge," in ji direba.

Mai Ƙeya ya karkata wayar, ya bi gefenta da farce. "Wannan gilashin ba na asali ba ne, ga gam ya fito. Wa ya canza shi?"

Sai direban ya ce a hankali, "Ni na kai wa Ɗan Gayu. A can ta kwana." Ya ƙara da cewa, "Ni na ba shi lambar."

Matar ba ta ɗaga murya ba. "Baban yara, ai na faɗa maka. Kai na ɗaukar wa hoton, lokacin da ka yi doguwar tafiya, kunya ta hana ni turawa."

Na ga ƙato ya rufe fuska da hula. Da za su tafi, shi ya karɓi yaron ya saɓa a kafaɗa.

Ranar nan Mai Ƙeya ya rufe rumfa da rana tsaka, ya nufi wurin shugaban layi don ya kai ƙarar Ɗan Gayu. Abokan sana'a suka tare shi: "Baba, a rufa asiri, ɗan layi ne."

"Asirin wa? Nasa ko na matan mutane?"

Yanzu hannun tsohon ya fara rawa, ƙananan kusoshi suna kuɓuce masa, ya ce ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Baba, kai ne wanda muka ba ɗakunan barcinmu a tafin hannu ba ka leƙa ba. Kai ne ka riƙe auren da ba ka san ranar ɗaurinsa ba. Ba ka taɓa yi mana wa'azi ba, tebur kawai ka juya. Mun gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana.

Ku kuma samarin layi, juya tebur ba ya buƙatar jari. Ku juya. Masu waya, duk wanda ya ce ku bar lamba ku tafi, ku ɗauki abinku ku yi gaba.

Ɗan Gayu kuwa, 'yan sanda sun buɗe kwamfutarsa sun sami hotunan mata da yawa. An garƙame shagonsa, kotu ta ɗaure shi shekara biyu.