Shekara goma da rasuwar Yaya Sule: kitsen jini da maganin da ba a yi masa bayani ba

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana Alhaji Sule, mai sayar da tayoyin manyan motoci a unguwar Diguel. Da hantsi ya faɗi a bakin shagonsa, dafe da ƙirji, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na yarda da ƙaddara. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda aka yi masa magani, da kuma abin da wannan magani ya bari a kan babban ɗansa, Habibu, wanda ya rantse ba zai taɓa yarda a gwada jininsa ba.

Ina tare da Yaya ranar da aka faɗa masa. Likita ya duba sakamakon gwaji, ya yi magana da Faransanci, ma'aikacin jinya ya juya mana da Larabci: kolestarol, wato kitsen jini, ya yi yawa. A bar nama, a bar man shanu, a bar ƙwai, a sha wannan ƙwaya. Shi ke nan, aka kira na gaba. Ko tsohuwar taya ba na sayarwa da gajeren bayani irin wannan.

Mu kuwa maganin da muka sani irin na zazzaɓi ne: ka shanye, ka warke, ka manta. Yaya ya shanye kwalinsa, ya ce alhamdu lillahi. Ba wanda ya gaya masa cewa irin wannan ƙwaya ana ɗorewa da ita, ana komawa a sake gwaji.

A gida, matarsa Hajiya Zuwaira ta bi dokar likita sau da ƙafa. Miyar kuɓewa ba ɗigon mai, har yaransa suka riƙa gudowa gidanmu na unguwar Gardolé cin abinci. Amma likita bai san kasuwarmu ba. A nan ciniki babba ba ya faɗawa sai a kan tiren gasasshen naman raƙumi, da tozo a yanka a sama, a bi da shayi mai sukari kamar zuma. Ka janye hannu daga tiren mai motocin da ya zo sayen taya, ka ce masa ba ka amince da shi ba ke nan. Na taɓa cewa, "Yaya, ba an hana ka ba?" Ya ce, "Kai dai ci. Wannan ba cin abinci ba ne, aiki ne."

Ba a tambaye shi yadda yake wuni ba. Ba a tambaye shi sigari ba, alhali ba ya rabuwa da ita. Ba a tambaye shi me ya kashe mahaifinmu ba, wanda shi ma ƙirjinsa ya dafe. An ga lamba a takarda, an yi wa lambar magani.

Da Yaya zai dawo yau, da ya ga abin ya ƙara dagulewa. Masu mota da lasifika suna yawo a unguwar Abena da jarkokin magani, wai suna narkar da kitse a kwana kaɗan. A majalisa kuma wasu na cewa kolestarol ƙarya ce ta masu sayar da magani. Na san shi, da ya ce duka biyun dillalai ne da ba sa yarda a buɗe kaya.

Bara ni ma aka ce nawa ya hau. Na ƙi tashi daga kujera sai da likitar ta yi mini bayani. Ta ce hanta ce ke yin mafi yawansa, kuma jiki na buƙatarsa. Iri biyu ne: akwai wanda ke taruwa a jijiyoyin jini ya toshe su, akwai wanda ke kwashewa. Ta ce hawan jini, sukari, taba da gadon gida duk suna cikin lissafi, kuma ba kowa ake bai wa ƙwaya ba. Ni ta ba ni, ta faɗi dalili, ina sha. Wannan bayani ne Yaya bai samu ba, kuma bai fi shan kofin shayi tsawo ba.

Habibu yanzu shi ke zaune a shagon, da jikin ubansa da tiren ubansa. Na yi masa maganar gwaji, ya ce, "Baffa, Alhaji ya sha maganinsu, ina yake?" Na ce, "Ubanka bai sha magani ba, ɗanɗanawa ya yi." Ya ci gaba da jera tayoyi.

Mutane na tuna Yaya da kyauta da cika alkawari, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ni abin da nake gani ya rage nasa shi ne jininsa, yana gudana a jikin yaron da ya ƙi a duba shi. Na gaya wa Habibu ranar Litinin zan zo da mota, kuma ni zan yi wa likita tambayoyin. Bai ce to ba. Zan dai je in zauna a bakin shagon har ya rufe.