Ƙasar Zauren Baba

Mahaifina magini ne, kamar ubansa. A Ƙofar Dundaye aka haife shi, kuma da wuya ka wuce soro uku a unguwar ba ka taɓa aikin hannunsa ba. Abin da ke ba ni haushi da shi ina saurayi shi ne ba ya yar da komai. In aka kira shi rushe tsohon ɗaki, sai ya fara zare azara ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kowace da bayan gatari ya saurara, wadda gara ba ta ci ba ya jingine ta gefe. Ƙasar kuwa a tara ta, a farfasa, a zuba ruwa da ciyawa, a bar ta ta jiƙa, a tattake, a mulmula sabon tubali. Da ita za a sake ta da ɗakin. Yakan ce tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa riƙo, don ta riga ta sha cuɗa.

Zauren gidanmu sau uku ana gina shi da ƙasa ɗaya. Kakana ya fara, wata damina ta kayar, suka sake tayarwa shi da Baba. Na uku Baba ya yi shi kaɗai, shekarar da aka haife ni, bayan rasuwar tsohon.

Sai kuɗin mai suka shigo. Soja ke mulki, an ƙara mana albashi, ni kuma ina akawu a wata ma'aikata, kaina ya yi girma. Abokan aikina duk sun sayi fili a sabuwar unguwar Minanata suna ta ɗora bulo da kwano. In ɗayansu ya sauke ni a ƙofar gida, sai in ji kunyar zauren nan kamar ni na gina shi. Da bangon gabas ya tsage, na samu abin da nake nema. Na ce a rushe, a yi na siminti.

Mun yi wata guda muna ja, lokacin kuma yana fama da ciwon ƙafa. Daga ƙarshe ya ce, "Akawu," haka yake kirana in zai tsokane ni, "kai ad da zamani, na bar maka. Amma ƙasag ga a tara min ita bayan gida. In ƙahwata ta yi sauƙi ɗan ɗaki nika yi da ita, ciki nika son ƙare kwanana."

Na ce to, Baba. Shi da kansa ya zare azarar, guda takwas, ya jera su jikin katanga.

Ana cikin aiki aka yi rasuwa a ƙauyen ƙanwarsa, ya tafi ta'aziyya kwana uku. Birkila ya dame ni da cewa tulin ƙasar ya tare masa wurin sauke bulo. Direban tifar da ya kawo yashi ya ce in ina so zai kwashe, ai fanko zai koma. Ban manta alkawarin ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Ina sane na ɗaga masa kai. Sawu biyu ya yi, ya juye ta a kududdufin bayan unguwa.

Baba ya dawo da hantsi. Ya amsa gaisuwa, ya zagaya bayan gida, ya jima. Da ya fito ya ce, "Ina ƙasata?"

Na faɗa masa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Kwando kawai ya ɗauka ya fita yana jan ƙafa, na bi shi daga nesa. An yi ruwa kwana biyu a jere, kududdufin ya cika, ƙasar ta narke ta bi shara da kashin jakai. Ya tsaya bakin ruwan da kwandonsa a hannu har rana ta yi zafi.

A hanyar komawa na ce zan sa a kawo masa jar ƙasa sabuwa, ko tifa nawa yake so.

"Ƙasa ba ta ƙare ba ga duniya, Akawu," in ji shi. "Waccan ce hannun tsohona yac cuɗa."

Bai sake ta da maganar ba, bai kuma gina ɗakin ba. Sabon zauren ya yi kyau a ido, amma da bazara ko akuya ba ta yarda ta kwanta ciki. Baba bai taɓa shimfiɗa tabarmarsa a can ba, waje yake zama a inuwar katangar maƙwabci. Masu kiransa aiki suka yi ta raguwa har suka ƙare. Abin da ya rage masa shi ne azarar nan. Kowace shekara zai juya su, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Na taɓa tambayarsa amfaninsu tunda yanzu kwano ake yi. Ya ce suna da aiki.

Shekara huɗu bayan nan ya rasu, a ɗakin bulo, yana gumi. Ana shirin fita da shi na ce a je a sayo itacen rufe kabari. Ƙanensa ya riƙe hannuna ya ce ba sai an saya ba, marigayi ya bar wasiyya a yanka azararsa.

Ni na riƙe su ana sa zarto. A ƙarshen ɗaya, inda take shiga bango, na ga busasshiyar ƙasa maƙale, ba ta kai cikin tafin hannu ba. Duk juyawar da yake yi bai taɓa kankare ta ba. Ƙasar zauren ke nan da ta rage masa a duniya. Na hana kowa taɓa guntun, na ɗauke shi a hankali har maƙabarta don kada ta zube, na ɗora shi daidai kansa. A nan kuka ya ƙwace mini.